Zafi ne ke kashe kwaɗi ko cuta?

Malam, ka tambaya ko ɗumamar yanayi ce ke ƙarar da kwaɗi. Ɗaya daga cikin manyan makasan dai wata ƙwayar cutar fata ce, kitrid, wadda aka raɗa wa suna a 1999. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, har numfashi ma; idan cutar ta sa fatar ta yi kauri, gishirin jininsa ya rikice, sai zuciya ta tsaya.

Abin mamaki, ƙwayar ba ta son zafi, ta fi yaɗuwa tsakanin digiri 17 zuwa 25. A ganina yanayi ɗan rakiya ne: fari kan tara kwaɗi a ɗan ruwan da ya rage, su harbi juna.

Shi ya sa masu bincike ke fita da dare da tocila, su goga auduga a fatar tumbin kwaɗo don neman ƙwayar, su auna sanyin ruwa, sannan su wanke takalmansu da magani kafin su taka wani rafi.