Tsohuwar bas ta zango da ba a taɓa sabuntawa ba: in saya? In yi mata fenti kafin in sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga ana tallar wata tsohuwar bas ta Volkswagen ƙirar 1972, irin mai gado da wurin girki a ciki wadda ake tafiyar shaƙatawa da ita. Mai ita ya ce tun fitowarta daga kamfani ba a taɓa sake mata fenti ko kayan ciki ba. Fentin ya koɗe, kujerun sun sha jiki, amma kuɗin da ya sa ya kusa na wadda aka gyara fes. Ta cancanci haka? In na saya, in yi mata fenti da sababbin kujeru kafin in sayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ta fi damuna: kada ka yi mata fenti. Koɗaɗɗen fentin nan da kake gani a matsayin aibi, shi ne babban abin da masu neman irin wannan mota suke zuba kuɗi a kai. Duk mai kuɗi zai iya kai tsohuwar bas gareji a fito masa da ita tana sheƙi, amma babu kuɗin da zai dawo da fentin kamfani ranar da aka kankare shi. Sau da yawa garin neman gira ake rasa ido, mutum ya kashe kuɗin aiki kuma ya rage wa motar daraja.

To amma sai in maganar mai ita gaskiya ce, kuma a nan aikin yake.

Volkswagen ya fara ƙera wannan bas a 1950 a Wolfsburg, daga 1956 aikin ya koma Hanover. Ta farko mai gilashin gaba rabe biyu ta tsaya a 1967 a Jamus, sai mai gilashi ɗaya ta karɓa har 1979, kuma taka tana cikin waɗannan. Gado da kabad da rufin da ake ɗagawa sama, wasu kamfanoni ne suke sakawa: Westfalia a Jamus, Devon da Dormobile a Ingila. Don haka abu biyu za ka tabbatar, asalin motar da asalin kayan cikinta. Lambar shasi ta wannan zamani guda 10 ce, ta ukun ita ke nuna shekarar ƙira, kenan a taka 2 ya kamata ka gani. A bayan kujerar gaba akwai ɗan farantin ƙarfe mai lambobi, wanda ke faɗin launin da ta fito da shi da ƙasar da aka yi ta dominta. In farantin ya ce wani launi, jikin motar ya ce wani, magana ta ƙare. In Westfalia ce, duba rufin: na 1972 ta baya yake buɗewa, maƙalarsa tana gaba, sai daga ƙirar 1974 aka juya shi. Ana kuma iya neman takardar shaidar asali daga Volkswagen da lambar shasin.

Fenti ba ya iya ɓoye sirrinsa. Ɗaga robar gilashi, leƙa cikin ƙofofi da ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa. Wadda aka sake fesawa takan bar feshi a kan roba da kusoshi. Bi ƙasan bodin da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa to bodi-fila ce aka cusa.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne ƙarƙashinta, domin akwai bambanci tsakanin motar da aka adana da wadda aka yasar, ko da yake dukansu "ba a taɓa su ba" ake cewa. Tsatsa ce ajalin waɗannan motoci, kuma daga ciki take cinyowa. A hau da ita kan rami, ka shiga da tocila da sukundireba. Duba dogayen ƙarafan shasi, da wuraren da ake kafa jak, da ƙasan ƙofofi, da matakalar shiga gaba, da mazaunin batir, da ƙasan gilashin gaba, da magudanar ruwa ta gefen rufi. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba ma yana ruɓewa. Tsatsar da ta tsaya a fuska ana tsayar da ita a shafe da kakin mota. Wadda sukundireba ya huda kuwa, sai mai walda, kuma da zarar an fara yanka da ɗauri, asalin da ka biya kuɗi dominsa ya fara tafiya. Irin wannan ba ta cancanci kuɗin mai asali ba, komai kyan hotunanta. Kada ka yi cinikin biri a sama.

Injin bai kai wannan tayar da hankali ba. A baya yake, iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, kuma kayansa suna samuwa. Ka sa a tayar da shi da sanyinsa a gabanka. In an kashe, kama wilin ƙasa da fambel ke zagayawa ka ja ka tura. In yana wasa sosai har ka ji ƙara, injin na neman a sauke shi.

Akwai abubuwan da ban yarda a bar su da sunan asali ba, don rai ya fi mota. Tiyon fetur in ya tsufa yana tsagewa ya zubo mai a kan inji mai zafi, kuma wannan ya ƙone bas irin wannan da yawa. Sauya shi tun kafin tafiyar farko, haka tiyon birki da man birki. Taya ko da zanenta bai cinye ba, duba lambobi huɗu da ke gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Murhun gas da bututunsa a sa masani ya gwada su kafin wani ya kwana a ciki. Mai saye na ƙwarai zai ji daɗin ganin an yi waɗannan. Sai dai duk abin da ka cire, in na asali ne, ka adana shi a kwali ya bi motar.

Ranar sayarwa, wanka da goge fenti a hankali sun isa. Kujerar da ta yage a ɗinke ta, kada a yi mata sabuwar riga. Ɗauki hotuna da rana, har da na ƙarƙashi da na wuraren tsatsa, ka faɗi aibinta da bakinka tun kafin a gano. Tattara littafin motar, da tsofaffin rasitai, da takardun masu ita na baya, da tantin gefe in tana da shi. Sannan ka kai tallarta inda masu sha'awar tsofaffin motoci ke haɗuwa, ƙungiyoyinsu da gwanjonsu, domin dillalin motocin yau da kullum kuɗin tsohuwar bas mai koɗaɗɗen fenti kawai zai taya maka.