Amsa ga mai son haɗa injin goge katako da hannunsa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kafinta daga wajen Ringim, ka ce kana son haɗa injin da zai goge falanki ya daidaita kaurinsa, irin mai gangar nan da ake naɗa wa samfefa, kuma kana tambaya ko zai iya maye maka gurbin injin fulen, wato injin fere katako. Na haɗa nawa a shagona da ke gefen Dambatta, damina uku ke nan ina aiki da shi, to bari in faɗa maka abin da na gani.

Ba zai maye gurbin fulen ba. Wannan inji lasa yake yi, ba ya cizo. Idan falankinka ya fito daga 'Yan Katako na Na'ibawa da tudu da kwari, fere shi tukuna, sannan ka kawo wa ganga ta ƙarasa. Inda yake burge ni shi ne ƙofofin kabad na kayan ɗakin amarya, da saman teburi da aka haɗa da gam, da allunan makarantar allo, waɗanda ake so su fito kauri ɗaya.

Gangar farko da na yi, guntun malaina na sa aka feƙe mini, ina ganin na yi dabara. Hunturu na shigowa ta tsage tun daga kai har gindi. Ta biyun na yanka filawud mai kauri uku bisa huɗu na inci, faifai 24, kowanne faɗinsa ya ɗan haura inci 5, na huda tsakiya, na jera su a sandar ƙarfe mai milimita 25 ina shafa gam, na matse su kwana biyu. Tsawonta ya tashi inci 18. Sandar da boris mai gida guda biyu, lamba 205, duk a Ƙofar Ruwa na samo. Ka mirgina sandar a kan gilashi kafin ka biya kuɗi. In ta yi rawa ko kaɗan, ajiye musu kayansu.

Moto kuwa, nemi mai ƙarfin doki ɗaya ko ɗaya da rabi, wanda ke juyi 1450 a minti, ka sa fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kai, girma ɗaya a moto da ganga. Ni da farko na famfon ruwa na ɗaura, mai juyi 2850, don shi ne a hannu. Katako ya riƙa fitowa da baƙin zane yana ƙauri kamar an ɗora shi a murhu. Sai da na sa fuli inci 2 a moto, inci 4 a ganga, gudun ya ragu rabi, sannan aka zauna lafiya. In da janareta kake aiki kamar yawancinmu, ka sani moto na jan wuta ninki-ninki lokacin tashi, ƙaramin janareta tari kawai zai yi ya mutu.

Teburin na yi shi da filawud biyu a manne, na lulluɓe da fomaika don katako ya yi santsi. Hinjis a baya, a gaba kuma doguwar kusa mai zare, milimita 12, da noti da mai walda ya kama mini. Juyi ɗaya na kusar yana ɗaga bakin teburi milimita 1.75, amma tunda ganga a tsakiya take, rabin haka ne ke isa gare ta. Kwatan juyi nake yi a kowane wucewa, ba na ƙari.

Ga inda aikin yake, kuma nan mutane ke gaggawa. Kafin ka naɗa komai, manna samfefa mai lamba 60, wato mai kaushi sosai, a wani shafaffen katako, ka zazzana gangar da fensir ko'ina, ka tada inji, ka riƙa zura katakon a ƙarƙashinta kana ɗaga teburi kaɗan-kaɗan. Gangar ce ake gogewa. Ranar da na yi nawa tun bayan azahar nake abu ɗaya har aka kira magariba, yarona ya zama fari fat kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. Sai zanen fensir ya ɓace duka za ka tsaya. A nan ne ganga ke zama daidai da teburinka, ba da awon tef ba. Kuma duk shigowar damina filawud na shan danshi ya ɗan kumbura, sai na kwance samfefa na maimaita.

Naɗin samfefa a karkace ake yi. Zagaya gangar da zare, kusan inci 16 zai ba ka, ka yanke bakin samfefar a jirge yadda tsawon yankan zai yi daidai da zaren. Kada gefe ya hau gefe, wurin ne ke ƙona katako. Ina farawa da samfefa mai lamba 80 in gama da mai lamba 120, wadda ta fi laushi.

Ka tura katako yana fuskantar juyin ganga, kada ya bi ta, kuma kada ka tsaya a saitinsa. Wata rana na yi haɗama na ba kusar teburi juyi guda cur, wani guntun maɗaci ya kuɓuce ya wuce ta gefen cinyata ya lotsa ƙofar kwano. Lotsawar na nan har yau, ban gyara ba. Duk guntun da bai kai tsawon kamu biyu ba, ɗora shi a kan wani dogon falanki mai tokare a baya. Ka yi wa ganga murfi da bututun da zai fitar da ƙura waje, ka rufe bel ɗin, ka sa takunkumi, ka kuma cire babbar riga kafin ka kunna.

In ka tashi shigowa Kano sayen kaya, tafi da sandar a hannunka ka gwada boris ɗin a kanta a gaban mai shago, don akwai masu inci ɗaya da ke kama da na milimita 25, ba sa zama daidai.