Tambaya da Amsa: Masu ba makarantarmu gudummawa sun ja baya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne ma'ajin wata makarantar Islamiyya a Aboabo, Kumasi. Bara mun tara kuɗin rufin azuzuwa biyu, amma da muka koma bana, masu hannu da shuni sun ja baya. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton ba rowa ce ta hana su ba, rashin jin bayanin kuɗin bara ne. Kafin ku sake neman ko sidi ɗaya, ku rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe a kan kwano, katako da ladan kafinta, ku karanta shi a taron iyayen yara, sannan ku manna kwafinsa a ƙofar makaranta tare da rasidai.

Kada a ci gaba da karɓar MoMo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, ta lambar mutum ɗaya, ko da amintacce ne, domin hakan shi ke jawo tsegumi a Zango. Ku buɗe asusun banki da sunan makaranta, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire kuɗi. 'Yan'uwa mazauna Jamus da Amurka kuwa, a riƙa tura musu hotunan aikin ta WhatsApp.