Kafin ka goge sunan kowa

Ɗana, saƙonka ya iso, sai da na murmusa sannan kuma gabana ya faɗi. Wai ka zuba sunayen masu karɓar tallafi a kwamfuta, ka rubuta GROUP BY da HAVING COUNT ya fi 1, wato umarnin da ke sa ta fito da sunan da ya zo fiye da sau ɗaya, ta zaro maka Musa Garba har huɗu a ƙauye guda, shine kake tambaya me yasa mutanenmu ba sa gajiya da maimaita suna, kuma ko ka goge uku ka bar ɗaya.

Zamanin Shagari ina ƙaramin akawu, ni ke riƙe da rajistar rabon taki. Ba kwamfuta, sai rula da jan biro. Ranar nan na ga Musa Garba sau biyu, unguwa ɗaya, na ja layi na soke na biyun ina ganin na kama ɓarawo. Ran rabo sai ga dattijo da jakinsa, ya zauna gindin darbejiya tun hantsi har la'asar yana jiran a kira shi, da ya matso ya tambaya nace ai ka karɓa, bai yi musu ba wallahi, ya kwance jakin ya tafi da mangala ba komai. Ashe 'ya'yan wa da ƙani ne, duk sunan kakansu aka maida musu, iyayen kuma ɗaya Garba ne na yanka Abubakar, ɗayan ma haka, ɗakinsu daban. Har yau ina ganin bayan mutumin nan.

Da na gaya wa Baffa sai yace kama da wane ba ta wane. Yace maida suna ai raya mamaci ne, shi yasa uwa ba ta iya kiransa sai tace Abba ko Baba. Ku yanzu kun maida abin kamar kuskuren rubutu.

Kuma wanda ya ci sau biyu a wannan rabon fa, Garba Usman ya rubuta a nan, can kuma Abubakar Shehu, wannan kwamfutarka ba za ta haɗa su ba. Ranar haihuwa ma kar ka jingina da ita, dattawa da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu. In akwai NIN, lamba 11 ɗin nan ta shaidar ɗan ƙasa, tara su da ita. Waɗanda ba su da ita ka buga sunayen a takarda ka kai wa mai unguwa, ya san kowa da gidansu. Ka gaida min mahaifiyarka.