Shin ɗan kallon fim haɗiya kawai yake yi?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai kallon fim zaman karɓa kawai yake yi, yana haɗiye duk abin da aka zuba masa, ko kuwa yana da hannu a cikin ma'anar da fim yake fitarwa. Zan amsa maka da abin da na karanta da kuma abin da idona ya gani tun lokacin da nake shiga gidajen sinima a Kano, har zuwa zamanin gidajen kallo na unguwa da wayar hannu. A ganina babu ɗan kallon da hankalinsa yake zaune babu aiki. Bambancin yana tsakanin wanda hankalinsa yake yi wa darakta aiki ba tare da ya sani ba, da wanda ya san abin da ake yi da shi.

Wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna hakan kusan shekara ɗari da suka wuce. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna fara'a ko damuwa, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawa a cikin akwati, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar guda ce ba ta sauya ba. Ke nan su da kansu suka saka abin da babu shi a hoton, amma a daidai inda mai haɗa hoton ya so su saka shi. Wannan shi ne kallon da nake kira na zuba ido: ƙwaƙwalwa tana aiki, sai dai linzaminta yana hannun wani.

A shekarun 1920 da 1930 masana da dama a Turai da Amurka sun ɗauka saƙon fim da rediyo yana shiga jama'a kai tsaye, ya yi musu tasiri iri ɗaya. Turawan mulkin mallaka ma da irin wannan tunani suka riƙa yawo da majigi gari-gari, kuma sashen shirya fina-finan da Birtaniya ta kafa a 1939 ƙarƙashin William Sellers ya riƙa yin fina-finai masu tafiyar hawainiya, don zaton cewa mutumin Afirka ba zai iya bin hoto mai sauri ba. A 1973 Stuart Hall, masani haifaffen Jamaika da ke koyarwa a Birmingham ta Ingila, ya bayyana cewa mai kallo yana iya karɓar saƙo yadda aka nufa, yana iya karɓar wani sashe ya gyara wani don ya dace da rayuwarsa, kuma yana iya fahimtarsa sarai amma ya ƙi shi.

Na biyun nan shi na fi gani da idona. Mutanenmu sun shafe shekaru suna kallon fina-finan Indiya ba su jin yaren, tun kafin a fara yi musu fassara da Hausa, amma idan aka tashi daga sinima sai ka ji matasa suna ba da labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, suna gardama a kan ko uban yarinya yana da gaskiya da ya hana ta wanda take so. Abin da ya shafi auren dole, da biyayya ga iyaye, da rikicin mai kuɗi da talaka sun riƙe shi domin sun san shi a gidajensu, wurin bautar gumaka kuwa sun bar shi ya wuce. Har sunaye suka raɗa wa jarumai, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masu bandiri kuma suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora begen Manzon Allah (SAW) a kai. Wanda ya yi wannan ba za a ce haɗiya kawai ya yi ba.

To amma akwai inda nake so ka yi hattara, domin mutane da yawa suna auna abin da hayaniya. Na ga ɗakin kallo ya ɗauki ihu da tafi saboda jarumi ya lakaɗa wa bos duka, ba tare da ko mutum ɗaya ya tambayi dalilin da ya sa a kullum duka ne yake warware matsala ba. Wannan ihun kiɗan fim ne ya kira shi, kuma an tsara shi tun a wurin haɗa hoto. Na kuma ga dattijuwa ta kalli fim ɗin Hausa shiru har ya ƙare, sannan ta ce ba haka ake zaman takaba ba, kuma ba kowace kishiya ce muguwa ba. Ita ce ta fi kowa aiki da hankalinta a wurin, domin ta auna abin da aka nuna mata da abin da ta sani.

Abin da ya fi damuna a yau shi ne kallon waya, inda wani shiri yake biyo bayan wani da kansa, mutum yana kwance shi kaɗai, babu wanda zai yi gardama da shi bayan an gama. A da ko ba komai hanyar komawa gida takan zama wurin muhawara, kuma a nan ne ake tace fim fiye da yadda kowace hukuma za ta tace shi.

Ba ina cewa ka zauna da biro da takarda a gaban kowane fim ba, domin neman hutu da nishaɗi halal ne, kuma fim ɗin da bai ɗauke ka ba bai yi aikinsa ba. Ka bari ya ɗauke ka, amma idan ya ƙare ka tambayi kanka wa aka sa ka tausaya wa, wa aka sa ka tsana, kuma wane ne ba a ba shi damar magana ba. Idan da yara kuka kalla, ka tambaye su abin da za su yi da su ne a matsayin jarumin, ka saurari amsarsu kafin ka faɗi taka.