Amsa ga mai tambaya kan fis ɗin da ya bushe bai yi 'ya'ya ba

'Yar'uwa, kin ce kin shuka fis a bayan ɗaki a Kano cikin Afrilu, ya tsiro da kyau, sai ya yi rawaya ya bushe ko fure bai riƙe ba. Ba hannunki ba ne, lokacin ne bai dace ba. Fis ba wakenmu na gida ba ne da ke jure rana, ɗan sanyi ne. Zafi ya wuce digiri 30, furen kakkaɓewa yake yi. Shi ya sa ya fi karɓuwa a wurare masu sanyi irin Jos.

Ki dakata sai hunturu ya kama, wajen tsakiyar Nuwamba. Ki jiƙa irin ya kwana, ki binne shi zurfin santimita 3, tazarar yatsu uku tsakani, a inda zai zauna, don ba ya son dashe. Taki kuwa tsohon kashin awaki ya wadatar. Kada ki zuba masa yuriya da yawa, saiwarsa na samar masa da sinadarin naitrojin da ke cikin yuriyar da kanta. Ni da na gwada, ganye na samu jibgi guda, kwanso kuwa ko cikin tafi bai kai ba.

Ki kafa masa kara ya hau. Ruwa a gindi da safe, ban da kan ganye, saboda cututtukan ganye. Kaji kuma ki killace su, ba su da kunya.

Bayan kwana 60 zuwa 70 za ki fara tsinka. Ki dafa a ranar, in ya kwana zaƙinsa raguwa yake yi.