Babu Ɗakin Gwaji a Makarantarmu, Ta Yaya Za Mu Koyi Koyar da Kimiyyar Nano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin fizik da shimi (kimiyyar sinadarai) ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Marwa da ke arewacin Kamaru, kuma ni ke jagorantar malaman sashenmu. Mu shida ne, biyu na wucin gadi. Kwanan baya wata ɗaliba 'yar Terminale, ajin ƙarshe na sakandare, ta tambaye ni mene ne nanoteknoloji, don ta karanta a waya cewa da shi aka haɗa rigakafin korona. Na ba ta amsa sama-sama, ni kaina ban gamsu ba. Lokacin da muke karatun malanta ba a taɓo wannan fanni ba, ɗakin gwajinmu kuma suna ne kawai. Wane irin horo ya kamata mu nema, kuma a ina? Ko ma ya dace mu ba shi lokaci alhali jarabawar Probatoire da ta Bak na jiran yara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira, ya yi wa ɗalibar nan albarka.

Ya dace ku ba shi lokaci, amma kada ku mai da shi sabon darasi a jadawali, kada kuma ku zauna jiran ranar da za a kira ku babban taron bita a Yawunde. Mafi yawan horon da kuke buƙata ku shidan nan za ku iya ba wa junanku shi. Sharaɗinsa ɗaya ne, shi ne kowane malami ya auna abu da hannunsa kafin ya tsaya gaban allo yana bayaninsa.

Abu na farko da za ku zaunar a kanku shi ne girma. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma fannin yana magana ne a kan abubuwan da ke tsakanin nanomita 1 da 100. Kaurin gashin kai ya kai nanomita 80,000 zuwa 100,000. Jan ƙwayar jini wajen 7,000 ce, zaren DNA kuwa faɗinsa wajen 2. Yaro zai haddace waɗannan alƙaluma tsaf, ya zuba su a takarda, bai ji komai a jikinsa ba. Malamai da yawa ma haka suke. Saboda haka a zamanku na farko ku yanko tsirin takarda mai tsawon mita ɗaya, kowa ya ɗauki almakashi, a raba biyu, a ɗauki rabi a sake rabawa. A yanka na 10 za ku iso milimita ɗaya, a nan yatsu za su gaza. To sai a yanka na 20 ake isa maikuromita, a na 30 ake isa nanomita. Wanda ya tsaya riƙe da ɗan guntun da ya gagare shi, aka ce masa saura yanka ashirin, ya fahimci abin da lissafin allo bai ba shi ba. Idan kuna son misali na gida, yadda milimita ɗaya yake in an gwada shi da kilomita 1,000, kusan nisan Kusiri zuwa Yawunde a miƙe ke nan, haka nanomita yake in an gwada shi da mita.

Sai dai ƙanƙanta kaɗai ba ita ce labarin ba, kuma a nan ne nake ganin horo da yawa yana sakin hanya. Abin da ya sa aka ware wannan fanni shi ne abu yakan sauya hali idan ya kai wannan ƙanƙanta. Zinariya rawaya ce a kunnen amarya, amma idan aka mai da ita ƙwayoyi masu girman nanomita 'yan gomomi a cikin ruwa, ja take zama. Michael Faraday ya bayyana wannan tun 1857 a Landan. Ɗalibanku sun sha ganinsa ba su sani ba, domin jan layin da ke fitowa a gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, wanda ake yi a kowane ɗakin shan magani, a mafi yawan irinsa ƙwayoyin zinariya ne suka taru a wurin. Amsar ɗalibarka ma a nan take. A rigakafin korona na Pfizer da na Moderna, mRNA, wato saƙon da ke umartar jiki ya haɗa abin da zai tada garkuwarsa, yana da saurin lalacewa, shi ya sa ake naɗe shi cikin ƙwayar maiƙo mai girman nanomita 100 ko ƙasa da haka kaɗan, ita ke kai shi cikin ƙwayar halitta.

Ɗaya daga manyan dalilan sauyin hali shi ne yawan fuska. Ku yi lissafin tare a allo: dunƙule mai siffar akwati, santimita ɗaya kowane gefe, fuskarsa murabba'in santimita 6 ce. A yanka shi ƙanana masu milimita ɗaya, ta zama 60. A kai shi nanomita ɗaya, ta zama murabba'in mita 6,000, fiye da rabin hekta, alhali nauyin bai ƙaru ba. Duk mai girki ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙule saurin narkewa, daga nan za ku ɗauko yara. Amma misalin da na fi so yana bayan gari, a filayen karal. Yumɓun wannan baƙar ƙasa faya-faye ne siraran gaske, kaurin kowanne wajen nanomita ɗaya. Ruwa yana shiga tsakaninsu sai ƙasa ta kumbura ta riƙe shi, idan rani ya yi ta tsuke ta tsage. Da wannan damshin da ta ɓoye ne masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwaari, take nuna bayan damina ta ɗauke. Ɗan manomin da ya yi dashe a karal ya riga ya taka kimiyyar nano da ƙafarsa, aikin malami ya nuna masa haka.

Yanzu ga gwajin da nake roƙon ku ba shi zama guda cikakke, ko biyu. Da shi za ku auna kaurin nanomita da tire da rula. Ku samo babban tire na kai abinci, faɗinsa ya haura santimita 40, a wanke shi sosai a ɗauraye har sai babu alamar maiƙo ko sabulu, domin ɗan abin da ya rage zai ɓata aikin. A cika shi da ruwa mai tsabta, a bar shi ya natsa, a barbaɗa hoda ko garin alli kaɗan-kaɗan a sama. Sai a tsoma siririyar waya, irin zare guda na cikin wayar lantarki, a man gyaɗa, a ɗago ɗigo ƙarami. A kara shi jikin rula, a duba da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya, a rage shi har faɗinsa ya zama kamar rabin milimita. A taɓa tsakiyar ruwan da shi. Nan take za ku ga hodar ta ja da baya, fili mai zagaye ya buɗe. A auna faɗinsa da sauri.

Sauran aikin lissafin aji ne. Ɗigo mai faɗin rabin milimita yana ɗauke da mai wajen 0.065 na kubik milimita. Idan da'irar ta kai santimita 20, fuskarta wajen murabba'in milimita 31,400 ce. A raba na farko da na biyu, a sami kusan kashi 2 cikin miliyan na milimita, wato nanomita 2. Man ya baje ne har ya zama shimfiɗa guda ta molekul, don haka abin da kuka auna tsayin molekul ɗin mai ne. Wani zai sami 1, wani 5, wani ma ya wuce haka. Kada ku gyara alƙaluman don su yi kyau. Ku zauna ku yi gardama a kan inda kuskuren ya fito: awon ɗigon ne, hoda ce ta yi yawa, ko gefen tire ne ya tare man? Wannan gardamar ita ce horon. Ku rufe taga idan hunturu ne, don iska da ƙura ba sa barin ruwa ya tsaya.

Gwajin yana da tarihi da zai ƙarfafa muku gwiwa. Benjamin Franklin ya zuba cokalin shayi guda na mai a wani tafki a Landan a ƙarni na 18, ya ga ya rufe wajen rabin eka. Lord Rayleigh ya yi awon a 1890 ya sami nanomita 1.6. A wannan lokaci akwai wata Bajamushiya, Agnes Pockels, wadda ba ta sami damar shiga jami'a ba, tana nazarin fuskar ruwa a gida da wani kwano da ta ƙera da kanta. Aikinta ya fito a mujallar Nature a 1891. Ku ba 'yan matan ajinku wannan labari.

Akwai wasu gwaje-gwaje masu sauƙi da za su cika sauran zama. Ruwa yana mirginawa a kan ganyen gwaza bai jiƙa shi ba saboda ƙananan tudu da kakin da ke fuskarsa, kuma cokalin da aka baƙanta da hayaƙin kyandir haka yake yi. Tsaka tana tafiya a rufin ɗaki ba da wani danƙo ba, gashin tafinta ne ya rarrabu har bakinsa ya kai wajen nanomita 200, ya manne da ƙarfin van der Waals, wato ɗan jan da ke tsakanin molekul idan sun matso kusa da juna. Ɗigon madara a kofin ruwa yana fito da hanyar hasken leza a fili, ruwan gishiri kuwa ba ya yi.

Kada ku ɓata ƙarfinku wajen neman maikuroskop domin wannan. Na haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200 ko makamancin haka, saboda tsawon zangon hasken da ido ke gani tsakanin 400 da 700 yake. Sai a 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera na'urar da ke lalubar fuskar abu da tsini har ta fito da atam ɗai-ɗai, a ɗakin binciken IBM na Zurich, aka ba su Nobel a 1986. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, yawancin makarantun sakandare ba su da ita. Abin da zai amfane ku shi ne manhajojin kwaikwayo na PhET, na Jami'ar Colorado a Amurka. Kyauta ne, akwai su da Faransanci, ana sauke su sau ɗaya a yi ta aiki da su ba intanet.

Yadda za ku tsara zaman ya fi kayan aikin muhimmanci. Taron yini guda, a saurari jawabi a karɓi takardar shaida, da wuya ya canza abin da malami ke yi ranar Litinin. Abin da ke canza shi shi ne aiki kaɗan-kaɗan da ake maimaitawa tsawon shekara tare da abokan aiki. Malaman Japan sun daɗe da wata al'ada da ta dace da ku: a shirya darasi guda tare, mutum ɗaya ya koyar, sauran su zauna a bayan aji suna lura da abin da yara ke faɗa da inda suke tuntuɓe, a dawo a gyara, wani ya sake koyarwa a wani aji. Zama ɗaya a wata ya isa, ana iya haɗa shi da taron sashe da kuke yi dama. Ku kasa kunne ga kurakuran da za su yi ta dawowa. Yara da yawa suna ɗauka atam da ƙwayar cuta da ƙwayar halitta duk girmansu ɗaya tun da duk ba a ganinsu, wasu kuma suna ɗauka atam ɗin zinariya shi ma rawaya ne. Ku rubuta irin waɗannan a littafi guda na sashe. Malaman wucin gadin nan biyu kuma kada a bar su a baya, sau da yawa su ke riƙe da ƙananan azuzuwa inda ake aza tubalin.

Batun jarabawa kuwa, babu abin da na ambata da zai ci lokacin manhaja. Yankan takarda yana shiga darasin puissances de dix, wato ninkin goma-goma, da sauya ma'auni, inda yara ke zubar da maki kowace shekara. Gwajin mai yana shiga darasin molekul, kuma bita ce ta lissafin da'ira da ƙwallo. Yawan fuska yana shiga saurin haɗuwar sinadarai a Terminale. Idan kun zo kan kabon, bayan lu'ulu'u da bakin fensir ku ƙara minti biyar a kan girafin, shimfiɗa mai kaurin atam ɗaya da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro da salatif a Manchester a 2004, aka ba su Nobel a 2010. Tsarin APC, wato koyarwa ta hanyar gina ƙwarewa, da ake bi yanzu ma yana neman a fara darasi daga yanayin rayuwa, to ga karal, ga gwajin zazzaɓi.

Taimakon waje yana da wurinsa, bayan kun fara. Kuna zaune gari ɗaya da Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, da makarantarta ta horon malamai, ENS. Akwai Jami'ar Ngawundere, akwai ta Garwa da aka kafa a 2022. Ku rubuta wa sashen fizik ko na shimi takarda ta hannun shugaban makarantarku, ku faɗi abin da kuke so dalla-dalla: malami ko ɗalibin digiri na uku ya zo zamanku ya duba sakamakon awonku, ya amsa tambayoyin da kuka tara, ya kawo hotunan maikuroskop na lantarki. Wanda ya zo da littafin awo a hannu ana saurarensa fiye da wanda ya zo da roƙo kawai. Haka kuma ku nuna wa sufeton fanninku na yanki aikin, ku nemi a ba ku sa'a guda a journées pédagogiques, wato ranakun bitar malamai, ku yi gwajin tire a gaban malaman sauran makarantu.

Gargaɗi biyu. Za ku ci karo da bidiyoyi masu nuna yadda ake haɗa ƙwayoyin azurfa da ruwan ganye. Kada ku kai wannan aji in babu safar hannu da tabarau da wurin zubar da ragowar sinadari, domin nitrat ɗin azurfa yana ƙona fata yana cutar da ido. Leza ma a hannun malami kaɗai za ta zauna. Na biyu, kasuwa ta fara cika da kayan da aka rubuta wa "nano", daga man shafawa zuwa taki zuwa ruwan azurfa da ake cewa a sha. Yawan shan ruwan azurfa yana rina fata ta koma toka-toka, kuma ba ta dawowa. Idan wani yaro ya kawo irin wannan kwalba daga gida, ku sa ajin ya tambaya: wane sinadari ne a ciki, girmansa nanomita nawa, wa ya auna, kuma da wace na'ura?